Ranar da Marigayi Dogara Ya Ƙi Fita Daga Injin Madara

Cikin ranakun aikina akwai wadda ba ta fita raina, kuma ba a Hambug ta Jamus ta same ni ba, ba a Alƙahira ba. A nan gida ta same ni, a wata cibiyar tara madara da ke kan hanyar Godogodo, bayan na ajiye aiki na dawo Kafanchan da niyyar hutawa. Tunda ku masu tasowa kullum kuna tambayata dalilin da ya sa nake hana ku yi wa inji tsawa kafin ku karanta amsarsa, bari in ba ku labarin daga farko.

Damina ce, ranar Talata da safe. Ina zaune a ƙofar gida sai wani mutum ya tsayar da babur, ya sauko, ya cire hula, ya durƙusa.

"Baba Injiniya, ina kwana. Sunana Bitrus. Matana ne ya ce in zo in same ka."

Na ce, "To, me matarka ta ce in yi maka?"

"Ya ce kai ka san injin da ya fi ƙarfin mutane. Baba, za su kore ni ranar Jumma'a."

Bitrus shi ne mai kula da tankin sanyaya madara a cibiyar. Matan Fulani suna kawo madara da sassafe, a juye a tanki, a sanyaya ta har motar kamfani ta zo da yamma. Tankin da hasken rana yake aiki, akwai batura, akwai kuma wata ƙaramar kwamfuta a cikin akwatin ƙarfe da ke kunna injin sanyi ta kashe shi. Tun farkon damina injin ya shiga mutuwa da rana tsaka ba sallama. In ba a lura da wuri ba madara ta tsinke, mota ta ƙi ɗauka. Kwamitin cibiya ya zauna ya yanke cewa Bitrus ne yake zare wayar injin yana yi wa 'yan unguwa cajin wayoyi. Shaidarsu ita ce an taɓa ganin wayoyi uku a kan bencinsa. Ya ce ɗaya tasa ce, ɗaya ta matarsa, ɗaya kuma ta lalace tun Kirsimeti. Ba wanda ya saurare shi. Aikin nan da shi yake ciyar da gida, har da mahaifiyarsa da ba ta gani sosai.

Na ɗauki jakata na hau bayan babur.

Kafin mu isa, ya kamata in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani kaɗan. A can cikin kowace kwamfuta akwai wani sashe da muke kira kanel. Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne a nan Kafanchan, don haka ni kullum da shugaban tasha nake kwatanta shi. Ba jirgin da zai shiga ko ya fita sai da izininsa. Manhajojin da ke aiki a kwamfuta su ne jiragen.

Idan mai rubuta manhaja yana so a riƙa bin sawun abin da manhajarsa take yi, sai ta je wurin kanel ta yi rajistar sanarwa. Za ta ba sanarwar suna, ta kuma faɗi guraben da ke cikinta, misali gurbin sanyin tanki da gurbin ko inji a kunne yake. Kanel ya karɓa ya ajiye. Daga nan, duk lokacin da wani ya buɗe kunne yana sauraron wannan sanarwa, kanel zai ɗaga wa manhaja wata 'yar tuta. Manhaja ta ga tuta a sama, sai ta yi ta ba da rahoto. Ta ga tuta a ƙasa, sai ta yi shiru ta ci gaba da aikinta, ba ta ɓata ƙarfinta tana magana ga bango. Na yi aiki da mutane a ƙasashe da dama, ban ga mai wannan hali ba sai inji.

Kanel yana da dokoki kan sanarwar nan, biyu daga ciki su ne suka shafe mu. Ta farko, suna ɗaya ba ya ɗaukar siffa biyu. In an riga an yi rajistar suna da gurabe biyu, wani ya zo da sunan nan da gurabe uku, za a ce masa wurin da mai shi. Ta biyu, ba a goge sanarwa muddin wani yana riƙe da ita. Yawancin sanarwa suna ɓacewa da kansu in manhajar da ta kawo su ta rufe, amma ana iya kafa mai zama daram, wadda sai an zo an goge ta da hannu.

Da muka isa, manajar cibiya ta tarbe ni, Madam Rifkatu. Mace ce mai tsari, shugaba a zumuntar mata ta cocinsu, makullan cibiya duka a ɗaure a gefen zaninta. Ta buɗe mini akwatin ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Baba, ka duba da ido. Amma ba a canja komai a ciki sai kwamiti ya zauna. Haka doka ta ce tun da Injiniya ya rasu."

Injiniyan da take nufi Dogara ne, wanda ya haɗa musu tsarin gaba ɗaya. Abokina ne, makarantar kwana ɗaya muka yi. Ya rasu a ƙarshen rani, bai cika shekara ba a lokacin. Bayan rasuwarsa, da injin ya fara mutuwa, suka kira wata injiniya daga Jos ta gyara manhajar. Ta yi tunani mai kyau: ta ƙara wa sanarwar gurbi na uku, na ƙarfin batir, don a ga abin da ke faruwa daidai lokacin da inji ya mutu. Raguwar ƙarfin batir takan zo ta wuce kafin mutum ya ɗauko ma'auni, sai manhajar da ke zaune a wurin ce za ta kama ta. Injiniyar ta saka sabuwar manhaja, mota tana jiranta, ta tafi.

Na buɗe wurin da rahotanni ke taruwa, na same shi wayam. Na duba abin da manhaja ta rubuta lokacin da ta tashi, sai ga amsar kanel a fili: an ƙi rajistarta, sunan da mai shi. Wato tun ranar da aka saka ta ba ta taɓa cewa uffan ba. Na nemi tsohuwar sanarwar da ta tare wurin. Tana nan, mai zama daram, an ma sa a sake kafa ta duk lokacin da kwamfuta ta tashi. Da na ga sunanta sai dariya ta kama ni.

A Hambug, Bajamushen da na yi aiki da shi zai kira irin wannan sanarwa injin sanyi lamba ɗaya, ya rubuta takarda shafi biyu kan dalili. A Bangalor ta Indiya za su gajarta sunan har ya zama ba mai iya furta shi. A Alƙahira wani ya taɓa sa wa tasa sunan unguwarsu. Dogara kuwa sunansa ya sa. Sanarwar sunanta Dogara. Wanda ya yi makarantar kwana a zamaninmu ba zai yi mamaki ba. Bokiti, fitila, cokali, akwati, duk da fenti muke rubuta suna a kai, kuma shi bai taɓa daina wannan hali ba. Kowace sifana a cibiyar nan da sunansa a jiki.

Na ce wa Madam, "Abin mai sauƙi ne. A goge wannan, sabuwar ta shiga, mu ji bakinta."

Ta leƙa allo, ta ga sunan, ta ja baya.

"A goge wa?"

"Sanarwar."

"Baba, sunan marigayi ne a wurin. Ba a yi addu'ar shekara ba. Takalmansa ma suna ƙofar ɗakinsa, ba wanda ya taɓa. Kai kuma abokinsa ka zo ka goge shi daga inji?"

Na san al'adar. A wajenmu nan kayan mamaci ba a raba su, ba a kawar da su, sai dangi sun taru bayan shekara an yi sujadar tunawa a coci. Ban dai taɓa zaton al'adar za ta bi mutum har cikin kanel ba.

Na ce, "To akwai wata hanya. A bar tasa, a ba sabuwar wani suna."

Ta ce wannan ma canji ne, sai kwamiti.

Aka kira zaman gaggawa ranar Laraba da hantsi, a ƙarƙashin mangwaron da ke gaban cibiya. Ciyaman shi ne Dattijo Yohanna, tsohon hedimasta, mutum mai son a yi komai da lamba da sakin layi. Wakiliyar masu kawo madara ita ce Inna Adama, tsohuwa 'yar siririya wadda in ta yi magana maza sukan gyara zama. Aka buɗe da addu'ar Kirista, aka ce za a rufe da ta Musulmi, kamar yadda aka saba. Bitrus aka ba shi kujera a gefe, a rana.

Na yi bayani kamar yadda na yi muku. Da na zo kan sabon suna, sai na ga sakataren kwamiti ya kalli Ciyaman, Ciyaman ya kalli sama.

Sakatare ya miƙe. "Tunda suna ne za a sa a cikin injin, kuma zai zauna har 'ya'yanmu su gani, ina ganin akwai wanda ya yi wa cibiyar nan hidima tun tana fili."

Ciyaman ya ce, "A'a, a'a, ni ba na neman komai. Amma a bar shi ya gama maganarsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda zai ga sunan nan. A cikin inji yake."

Ciyaman ya ce, "Kai ka gan shi ai."

Inna Adama ta gyara lulluɓinta. "Ni dai tambaya nake. Abin da ke cikin tankin nan, Ciyaman ne aka tatsa?"

Aka yi dariya, har Bitrus a rana.

Ta ce, "In suna za a sa, a sa Wule. Ita ce ta fi kowa ba da madara a rugarmu, kuma ba ta taɓa neman a sa sunanta ba."

Sakatare ya ce ba zai yiwu a cire sunan injiniya a sa na saniya ba. Na ce ba cirewa za a yi ba, ƙari ne. Ya ce to ya fi muni, a jera marigayi da saniya a layi ɗaya. Wani ya kawo shawarar a sa sunan gari, wani ya tambaya wane gari, tunda fili na wannan ƙauye ne amma rijiya ta wancan. Na ce a kira ta injin sanyi kawai. Suka dube ni da tausayi, kamar wanda ya daɗe a waje har ya manta yadda ake zama da mutane.

Rana ta yi sama ba a tsayar da komai ba. Bitrus ya ɗaga hannu.

"Ciyaman, don Allah, ni ko sunan akuya ne a sa. Jumma'a jibi ne."

Ciyaman ya ce masa wanda ake tuhuma ba ya magana sai an ba shi dama.

Inna Adama ce ta warware. Ta ce, "Kuna ta jayayya a kan kayan mutum, matarsa tana nan da ranta. A je a ɗauko ta."

Aka tura babur ya ɗauko Mama Laraba, matar marigayi, daga gona, da laka a ƙafarta. Na gaishe ta, na yi mata bayani a taƙaice, ina lallaɓa kalmomi. Ba ta bari na gama ba.

"Wannan ne kuka taso ni daga cikin citta? Ku goge. Ku zo gida ma ku kwashe wayoyin da ya cika mini kicin da su. Tukunyata ta biki har yanzu da sunansa a gindi, kamar shi ya saya."

Madam Rifkatu ta ce, "Mama, addu'ar shekara fa?"

"Addu'a ta mutum ce, Rifkatu. Wannan yaron mai 'ya'ya za a kora saboda rubutu?"

Ciyaman ya sa aka rubuta cewa iyali sun ba da izini. Aka ɗunguma zuwa ɗakin inji, kowa yana son ya gani. Ciyaman ya ce a yi gajeriyar addu'a tukuna, aka yi, ba gajeriya ba. Na cire layin da ke sake kafa sanarwar in kwamfuta ta tashi, sannan na rubuta umarnin gogewa na danna.

Kanel ya ƙi.

Sakatare, wanda ya fi kowa kusa da allo, ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce ana riƙe da ita. Ba za ta gogu ba."

Ban taɓa ganin ɗaki ya yi faɗi da sauri haka ba. Sakatare ya tsinci kansa a waje. Ciyaman ya koma bakin ƙofa yana cewa zafi ya yi yawa a ciki. Wata daga cikin matan da suka leƙo ta ce, "Marigayi ya ƙi!" Kafin in juya maganar ta kai bakin titi.

Mama Laraba ko gezau. Ta ce, "Halinsa ne. Da ransa ma in yana cikin inji sai in kira shi abinci har tuwo ya huce."

Na sake gwadawa, don kada a ce hannuna ne ya kuskure. Amsa ɗaya. Ciyaman daga bakin ƙofa ya ce yana ganin kwamiti ya yi iyakar ƙoƙarinsa, a bar maganar sai bayan addu'ar shekara. Bitrus ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Akwai hanyar ƙarfi. Da na kashe kwamfutar na kunna, komai zai share. Amma tanki cike yake da madarar safe, in na kashe kwamfuta injin sanyi zai tsaya, kuma ba ya tashi nan take. Ban zo in tsinke madara da hannuna a gaban Inna Adama ba. Ban da haka, kanel ba ya ƙarya a irin wannan. In ya ce ana riƙe da abu, akwai mai riƙe da shi, kuma mai rai ne.

Na ce, "Jama'a, ku dawo. Matattu ba sa riƙe sanarwa. Wani yana sauraronta yanzu haka."

Wannan bai taimaka ba. Sakatare ya ƙara matsawa.

Na duba, na ga lallai kunnen sauraro a buɗe yake, kuma an buɗe shi da safiyar ranar, daga allon da ke ofishin manaja, wanda doguwar waya ta haɗa da akwatin. Na juya wurin Madam Rifkatu.

"Madam, da safe in kin zo, me kike fara yi?"

"Addu'a."

"Bayan addu'a?"

"In danna koren maɓalli."

"Wane koren maɓalli?"

Ta kai ni ofis. A kusurwar allonta akwai wata 'yar taga a buɗe, baƙa, ba komai a ciki sai ɗigo yana ƙiftawa. Ta ce Injiniya ne ya nuna mata tun ranar da aka buɗe cibiya. Ya ce mata kowace safiya ta danna, ta bar tagar a buɗe har a tashi, in inji yana da magana a nan zai faɗa. Da, lambobi sukan riƙa gangarowa. Tun zuwan injiniyar Jos suka daina. Ita dai ba ta daina ba. Ranar Lahadi ma takan biyo kafin sujada ta danna.

Na ce, "Ba ki gaya wa kowa lambobin sun daina zuwa ba?"

Ta ce, "Na ɗauka don ya rasu ne."

Ban yi dariya ba a nan. Wata da watanni matar nan tana buɗe kunne ga bakin da ba mai magana ta cikinsa, saboda mutumin da take girmamawa ya ce ta yi. Kanel kuma yana ganinta, yana ɗaga tuta ba mai kallo, yana hana kowa taɓa abin da take riƙe da shi. Su biyun kowa ya cika aikinsa.

Na ce, "Ke ce kike riƙe da shi, Madam. Sai kin saki."

Ta dubi Mama Laraba, wadda ta biyo mu. Mama Laraba ta ce, "Saki, 'yata. Ni da na aure shi na saki."

Ta goge hannunta a zani, ta rufe tagar. Na koma ɗakin inji na danna. Sanarwar ta gogu ba gardama. Na umarci sabuwar manhaja ta sake neman rajista, kanel ya karɓa nan take. Da yake injiniyar Jos ba ta canja suna ba, abin da ya bayyana a allo shi ne Dogara, da gurabe uku.

Sakatare, wanda ya lallaɓo ya dawo, ya karanta da ƙarfi. "Ya dawo!"

Mama Laraba ta ce, "Ban ce muku ba? Ku ba ni babur in koma gonata."

Aka ce Madam ta sake danna koren maɓallinta. Lambobi suka fara gangarowa. Ta tsaya tana kallonsu, ta ce, "Sannu da zuwa," ban san da wa take ba.

Saura abin da ya kawo mu. Sanarwa tana magana, amma sai inji ya mutu za mu ji dalili. Ciyaman ya ba da umarni a zaunar da Bitrus a ƙarƙashin mangwaro, nesa da kowace waya, hannuwansa a kan gwiwa, sakatare yana gadinsa. Ya ce in inji bai mutu ba yau, an gane mai kashe shi ke nan. Na ce wannan ba hujja ba ce. Ya ce a wurin kwamiti hujja ce. Bitrus ya dube ni ya ce, "Baba, yau ni ina addu'a injin ya mutu."

Muka zauna jira. Hadari ya taso daga gabas ya rufe rana, bai zubar ba. Ƙarfin batir ya ɗan sauka a allo, amma inji yana ta aiki. Azahar ta yi, na yi salla na dawo, yana aiki. Fuskar Ciyaman ta fara washewa.

Inna Adama ta gaji da zama. Ta ce ita tana da shanu, ba ta da lokacin kallon talabijin marar hoto. Ta kira matan rugarsu su wanke garewanin madara su tafi. Suka zagaya baya wurin famfo. Na ji injin jan ruwa na rijiya ya tashi da ƙugi. A daidai wannan lokaci lambar batir a allo ta faɗi ƙasa warwas, manhaja ta rubuta cewa ta kashe injin sanyi don kada batura su lalace, ɗakin ya yi tsit.

Daga ƙarƙashin mangwaro Bitrus ya yi ihu, hannuwansa har yanzu a kan gwiwa. "Ya mutu! Ciyaman, ya mutu! Ga hannuna!"

Da injin sanyi ya ɗan huta na kunna shi da hannu, na fita na bi wayar injin rijiya. Kai tsaye ta shiga baturan tanki. Na tambaya wa ya haɗa. Madam Rifkatu ta ce, a hankali, da can injin rijiya da janareta yake aiki. Bayan rasuwar Injiniya, matan suka yi kukan cewa ana barinsu ba ruwan wanki in babu mai. Inna Adama ce ta kawo ƙorafin. Kwamiti ya zauna ya amince a haɗa shi da sola, Ciyaman ya sa hannu, sakatare ya kawo ƙaninsa mai gyaran wuta. Da rani rana tana da ƙarfi, batura suna ɗaukar duka biyun. Da damina ta kawo hadari suka kasa.

Inna Adama ta zagayo da garwa a hannu, ruwa yana ɗiga. Na yi mata bayani da Fulatanci don kada ta ji a bakin wani. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye garwar, ta je gaban Bitrus.

"Ɗana, na zage ka a kasuwa, na zage ka a ruga, na zage ka a gaban surukarka. Ka yafe. Gobe akwai man shanu."

Ciyaman ya fi shan wahala. Ya tara kwamiti a tsaye, suka yi ƙus-ƙus, sannan ya sanar cewa kwamiti, bayan dogon bincike da ya gudanar, ya gano cewa matsalar ta fasaha ce, don haka ya janye batun ranar Jumma'a, kuma yana yaba wa Bitrus bisa haƙuri.

Bitrus ya ce, "Na gode, Ciyaman. Zan iya ɗaga hannuna yanzu?"

Kafin magariba mun mayar da injin rijiya kan layinsa daban, aka kuma tsayar cewa ba a jan ruwa sai motar madara ta tafi. Na kira injiniyar Jos na gaya mata gurbin da ta ƙara shi ya ceci mutum, amma nan gaba manhajarta ta riƙa yin ƙara in an hana ta rajista, kada ta haɗiye ta yi shiru. Ta ce ta ji. Aka rufe taro da addu'ar Musulmi, ni aka sa na yi.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi nake so ku riƙe. A sana'armu, in inji ya ƙi umarni, hannu yakan yi saurin zuwa wurin kashewa da kunnawa, kuma sau da yawa hakan yana aiki, sai dai ba ka koyi komai ba. Da na yi haka ranar, da Madam Rifkatu ta ci gaba da zaton inji ya daina mata magana ne don maigidansa ya mutu, rabin garin kuma har yau suna cewa akwai fatalwa a tankin madara. Kanel bai san Dogara ba, bai san addu'ar shekara ba. Abu ɗaya ya sani, wani yana amfani da wannan, ba zan bari a fizge masa ba. Mutanen cibiya ma abin da suke cewa ke nan da nasu harshen, kuma na yi kwana biyu ina jin haushinsu kafin in lura. Duk inda aka kira ku gyara, a Jamus ne ko a Gwantu, za ku tarar da wani tsohon abu da ya tare hanya, kuma za ku so ku kawar da shi. Ku fara neman wanda ke riƙe da shi. Yawanci yana ofishin da ke kusa, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa.